Fadar Westminista: Abin da Mai Ziyara Zai Karanta a Jikin Ginin Majalisar Birtaniya

Duk wanda ya sauka a birnin Landan ya nufi bakin Kogin Tems, abin da idonsa zai fara cin karo da shi shi ne doguwar hasumiyar agogon nan da hotonta ya karaɗe duniya, wadda ake kira Big Ben. A haƙiƙa wannan suna na babbar ƙararrawar da ke cikinta ne, mai nauyin sama da tan 13, wadda ta fara kaɗawa a 1859, ita kuwa hasumiyar tun 2012 aka raɗa mata sunan Sarauniya Elizabeth. Mafi yawan baƙi a nan ziyararsu take tsayawa, su ɗauki hoto a kan gada su kama gabansu. A ganina sun yi asara babba, domin ginin da ke manne da hasumiyar, wato Fadar Westminista, inda majalisun dokokin Birtaniya biyu, wato Majalisar Wakilai da Majalisar Dattawa, suke zama, yana ɗauke da bayanin da mutum ba zai same shi a tattare a littafi guda ba.

Dalili kuwa shi ne, Birtaniya ba ta da kundin tsarin mulki guda ɗaya rubutacce irin wanda aka sani a Najeriya ko Nijar. Mulkinta ya dogara ne a kan tsofaffin dokoki da sababbi, da hukunce-hukuncen kotuna, da tarin al'adun da aka gada, kuma da yawa daga cikin waɗannan al'adu suna ɗaure ne da wata ƙofa, ko wani layi da aka ja a ƙasa, ko wata kujera a cikin wannan gini. Wanda ya shiga da ido buɗe zai ga cewa kusan kowane ɗaki shaida ne na wata rigima da aka yi a kan tambaya ɗaya: tsakanin sarki da wakilan jama'a, wa ke da ikon aza haraji da kafa doka?

Shiga ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Idan majalisa na zama, kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, yana iya bin layi ta mashigar Cromwell Green, a bincike shi kamar yadda ake yi a filin jirgin sama, a ba shi katin baƙi ya rataya a wuya, ya hau benen 'yan kallo kyauta. Ranar Laraba da tsakar rana, lokacin da 'yan majalisa ke yi wa Firaminista tambayoyi, wurin kan cika maƙil, kuma masu tikiti ake fara bai wa hanya. Zagayen gini da ɗan jagora kuwa, yawanci ranar Asabar ake yin sa da lokutan hutun majalisa, kuma ana biyan kuɗi. An tsananta tsaro ƙwarai tun bayan harin 22 ga Maris 2017, wanda aka kashe wani ɗan sanda a harabar fadar.

Wurin da baƙo ke fara shiga shi ne Babban Zauren Westminista, kuma a nan ya kamata ya fi daɗewa. Sarki William na Biyu ne ya gina shi tsakanin 1097 da 1099, tsawonsa kimanin mita 73, faɗinsa kimanin mita 20, sannan a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Richard na Biyu, wani kafinta mai suna Hugh Herland ya aza masa rufin katakon da ke kansa har yau, wanda babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da ya tokare shi. Zauren yana da sanyi da duhu-duhu, ba shi da wani ado na a zo a gani, saboda haka abin lura yana ƙasa ne, a ƙarƙashin ƙafar mai tafiya. An kafa wasu ƙananan allunan tagulla a jikin daɓen dutsen, kowanne na nuna inda wani abu ya faru. Akwai na wurin da aka yanke wa Thomas More, tsohon babban jami'in Sarki Henry na Takwas, hukuncin kisa a 1535, akwai na inda aka ajiye gawar tsohon Firaminista Winston Churchill a 1965 domin jama'a su yi mata ban kwana, akwai kuma wanda ya fi su nauyi, a kan matakala, mai nuna inda Sarki Charles na Ɗaya ya zauna a watan Janairun 1649 ana yi masa shari'a bisa zargin cin amanar ƙasar da yake sarauta. An same shi da laifi, aka fille masa kai a ranar 30 ga watan a unguwar Whitehall, tafiyar 'yan mintuna daga nan. A wannan zaure ne manyan kotunan Ingila suka yi ta zama har 1882, a nan Nelson Mandela ya yi wa majalisun biyu jawabi a 1996, a nan kuma dubban ɗaruruwan mutane suka bi layi dare da rana a watan Satumban 2022 domin wucewa ta gaban akwatin gawar Sarauniya Elizabeth ta Biyu.

Sai dai wajibi ne mai ziyara ya san cewa wannan zaure da wasu 'yan sassa ƙalilan ne kawai tsofaffi da gaske. Sauran ginin, duk da kamannin tsufa da ya yafa, bai kai shekara 200 ba. A zamanin da, baitulmalin Ingila yana rubuta lissafin kuɗi ne a jikin wasu sanduna, a yi musu tsaga-tsaga gwargwadon adadin kuɗin, a raba sandar gida biyu, mai biya ya riƙe ɓari, hukuma ta riƙe ɓari. Da aka daina amfani da su sai suka taru jingim, aka ba da umarni a ƙone su. A ranar 16 ga Oktoba 1834 ma'aikata suka yini suna cusa su a murhun da ke ɗumama zauren Majalisar Dattawa, bututun hayaƙi ya yi zafi fiye da kima, kafin dare ya raba wuta ta cinye mafi yawan fadar. Aka sa gasar zanen sabon gini, da sharaɗin ya kasance bisa tsohon salon gine-ginen Ingila, zanen Charles Barry ya yi nasara a cikin guda 97. Shi ya tsara jikin ginin, wani matashi mai suna Augustus Pugin kuma ya zana adon ciki, tun daga karagar sarauta har zuwa maratayin riguna. An aza harsashi a 1840, aikin ya ci kimanin shekara 30, kuma su biyun duka sun rasu ba su ga ƙarshensa ba. Abin da suka bari gini ne mai ɗakuna wajen 1,100 da matakalai kusan 100. Wato dai a daidai lokacin da Birtaniya ke kan gaba wajen masana'antu da jirgin ƙasa, da gangan ta zaɓi ta tufatar da majalisarta da rigar kakanni, domin ta nuna wa duniya, ta kuma nuna wa kanta, cewa ikon majalisar ba jiya ya fara ba.

Daga Babban Zaure ana hawa zuwa wani siririn zaure mai suna St Stephen, wanda mutane da yawa ke ratsawa a gurguje ba tare da sanin inda suke takawa ba. A daidai wannan fili ne Majalisar Wakilai ta yi zama tun daga tsakiyar ƙarni na 16 har gobarar 1834, a cikin wani tsohon ɗakin ibadar sarakuna. Kujerun mawaƙan cocin suna jere ne a sahu biyu suna fuskantar juna, 'yan majalisa suka zauna a kansu yadda suka tarar da su, aka ajiye kujerar Kakaki a inda bagadi yake. Daga nan aka samo tsarin zaman da ake gani a talabijin yau, ɓangaren gwamnati a dama da Kakaki, 'yan hamayya a hagu, ido cikin ido. Akwai wasu ƙusoshin tagulla a ƙasa da ke nuna inda kujerar Kakakin take. A gefe kuma akwai mutum-mutumin wani basarake mai suna Falkland, wanda idan aka duba diddigen takalminsa za a ga ƙarfen zungurar doki ya karye. A 1909 ne wata mata cikin masu fafutukar a bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a ta ɗaure kanta da sarƙa a jikinsa, wajen ɓamɓare ta aka yi wannan ɓarna, kuma aka bar shi haka. Sai a 1918 aka bai wa matan da suka haura shekara 30 ƙuri'a, a 1928 kuma aka daidaita su da maza.

A wannan wuri ne aka yi abin da ya fi komai bayyana matsayin majalisar. A ranar 4 ga Janairu 1642 Sarki Charles na Ɗaya ya shigo da kansa, dakarunsa na biye, domin ya kama 'yan majalisa biyar da yake zargi da cin amana. Labari ya riga shi isa, mutanen sun sulale ta kogi. Sarki ya hau kujerar Kakaki ya tambaye shi inda suke, sai Kakakin, William Lenthall, ya durƙusa ya amsa masa da cewa a wannan wuri ba shi da idon gani ko harshen magana sai yadda majalisa ta umarce shi, domin shi baranta ne. Sarki ya fita hannu rabbana, kafin shekara ta ƙare yaƙin basasa ya ɓarke. Tun daga ranar babu wani sarki ko sarauniya mai ci da ya sake shiga zauren Majalisar Wakilai tana cikin zama.

Wannan tarihi ne ake maimaitawa a duk bikin buɗe majalisa. Sarki yana zuwa ya zauna a kan karaga a Majalisar Dattawa, ya aiki wani jami'i da ake kira Mai Baƙar Sanda ya kirawo wakilai su saurari jawabinsa. Da ya iso sai a rufe masa ƙofa a fuska, ya ƙwanƙwasa sau uku da sandarsa kafin a buɗe. Mai ziyara da ya matso kusa da ƙofar zai ga inda katakon ya lotsa saboda bugun shekara da shekaru. Shi kansa jawabin da sarki ke karantawa, gwamnati ce ke rubuta masa, ba ya ƙara ko rage kalma. Wasu na ɗaukar wannan duka a matsayin wasan kwaikwayo na tsofaffi, ni kuwa ina ganin hikima a cikinsa, domin ƙasar da ba ta rubuta iyakar ikon sarkinta a kundi guda ba, ta mai da iyakar abin da ake gani da ido a duk buɗe majalisa, har yaro ma ya fahimta.

A tsakiyar ginin akwai wata farfajiya mai kusurwa takwas, wadda duk ɗan ƙasa ke da damar zuwa ya cike ɗan kati ya nemi ganin wakilin mazaɓarsa. Wanda ya tsaya a nan, idan ƙofofi na buɗe, zai hangi karagar sarki ta wannan gefe, ya hangi kujerar Kakaki ta ɗaya gefen, a kan miƙaƙƙen layi guda. Bambancin zaurukan biyu kuwa a fili yake. Na Dattawa ja ne, ya sha ruwan zinariya da sassaƙa, shugabansa yana zama a kan wani babban matashi da aka cusa wa gashin tumaki, abin tunawa da zamanin da cinikin ulu ne arzikin Ingila. Membobinsa ba zaɓaɓɓu ba ne: mafi yawansu naɗa su ake yi na tsawon rai, akwai kujeru 26 na manyan limaman Cocin Ingila, dokar 1999 kuma ta sallami mafi yawan masu gadon kujera ta bar 92 kacal a lokacin. Na Wakilai kore ne, ba shi da ƙawa sosai. Amma iko yana wajen mai ƙarancin ado, domin tun dokokin 1911 da 1949 Dattawa ba su da ikon hana dokar kuɗi wucewa, sauran dokoki kuwa iyakarsu su jinkirta su kamar shekara guda.

Zauren Wakilai shi ne mafi ƙuruciya a duk ginin, kuma shi ne ke ba baƙo mamaki saboda ƙanƙantarsa. A daren 10 ga Mayu 1941 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa Landan ruwan bama-bamai, wuta ta kama zauren da rufin Babban Zaure a lokaci ɗaya, 'yan kwana-kwana ba su da ƙarfin kashe duka biyun, sai aka zaɓi a ceci tsohon zaure a bar ɗayan ya ƙone. Da aka zo batun sake gini a 1943, wasu suka ba da shawarar a faɗaɗa shi a yi masa zubin rabin da'ira irin na sauran ƙasashe. Churchill, wanda shi ne Firaminista a lokacin, ya ƙi. Hujjarsa ita ce mutane ke tsara gini, daga baya kuma ginin ya koma yana tsara su: zaman fuskantar juna shi ke raya tsarin gwamnati da hamayya, ƙanƙantar ɗakin kuma ita ke sa muhawara ta zama kamar zance tsakanin mutane, a ranar babban al'amari kuwa cunkoson kansa ya nuna girman ranar. Aka bi ra'ayinsa, Giles Gilbert Scott ya zana sabon zauren, aka buɗe shi a watan Oktoban 1950. Shi ya sa har yau 'yan majalisa 650 ne amma wurin zama na mutum 427 ne, babu wanda ke da tebur, kuma mai son ya kama wuri sai ya sanya katinsa ya halarci addu'ar buɗe zama. Bakan ƙofar shiga zauren, da duwatsun da wutar ta babbaka aka sake ɗora shi, har yanzu ana ganin tabonsu. A gefensa akwai mutum-mutumin Churchill na tagulla, wanda ƙafarsa ɗaya ta yi fari tana ƙyalli saboda shafar da 'yan majalisa suka riƙa yi mata kafin su shiga yin jawabi, har sai da hukumar ginin ta hana.

Ba na cikin masu ganin hujjar Churchill ba ta da aibi. Zaman fuskantar juna yana haifar da ihu da shewa da neman kunyata abokin hamayya, yana kuma matse ƙananan jam'iyyu, waɗanda ba su da gurbi na kansu a ɗakin da aka gina domin ɓangare biyu. Amma yana da fa'ida ɗaya da ba a musunta ta: shugaban gwamnati yana tsayawa taku kaɗan daga jagoran hamayya, kowane mako majalisa na zama, ya amsa tambaya da bakinsa.

Jefa ƙuri'a ma da ƙafa ake yin sa. Idan aka kasa rarrabewa da murya, sai a kaɗa ƙararrawa a duk faɗin ginin, a bai wa 'yan majalisa 'yan mintuna su iso, masu goyon baya su bi ta wani dogon ɗaki a gefe guda, masu adawa su bi ta ɗaya gefen, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa. A nan ne ɗan Najeriya zai tarar da abin da ya shafe shi kai tsaye. Lokacin sake ginin, ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya ko masu alaƙa da ita kowacce ta ba da gudummawa: kujerar Kakaki daga Ostareliya, babban teburin tsakiya daga Kanada, ƙofofin shiga daga Indiya da Pakistan. Kayan katakon ɗakin masu goyon baya kuwa daga Najeriya suka fito, na icen iroko, wanda ake kira loko, na ɗakin masu adawa kuma daga Yuganda.

Wannan katako yana tayar da wata magana da 'yan jagora ba su cika tsayawa a kanta ba. Majalisar da ta yaƙi sarkinta a kan cewa ba a karɓar haraji sai da yardar wakilan masu biya, ita ce ta shugabanci daular da ta karɓi haraji da jangali daga miliyoyin mutanen da ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. A nan aka amince a 1899 da biyan Kamfanin Royal Niger fam 865,000 domin gwamnati ta karɓi yankunan da yake riƙe da su, abin da ya share wa Lugard hanya ya kafa tutar Birtaniya a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900, shekara uku kafin faɗuwar Kano da Sakkwato. Mafi yawan abin da ya biyo baya ma, har da haɗe Arewa da Kudu a 1914, ba ta hanyar dokar majalisa aka yi shi ba, da umarnin fadar sarki da Ofishin Mulkin Mallaka aka zartar. Adalci dai ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren: a tsohon zauren St Stephen aka zartar da dokar haramta cinikin bayi ta 1807, ko da yake dokar 'yanta bayi ta 1833 masu bayin ta biya diyyar fam miliyan 20, su bayin ba su sami ko anini ba. A zauren yanzu kuma aka zartar da dokar 'yancin Ghana a 1957 da ta Najeriya a 1960.

Abin da muka ɗauko daga wannan gini yana nan tare da mu. Jamhuriya ta Farko a kan tsarinsa ta tafi, Abubakar Tafawa Balewa yana Firaminista, Obafemi Awolowo yana jagoran hamayya, Arewa kuma tana da Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Zauren Lugard da ke Kaduna. A 1979 aka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, amma launuka suka tsaya yadda suke, Majalisar Dattawa ja, ta Wakilai kore. Haka ma sandar majalisa, wadda a Westminista alama ce ta ikon sarauta da aka danƙa wa majalisa, kuma in ba ta kan tebur zama bai halatta ba. Wannan ƙa'ida ce ta sa wasu suka kutsa Majalisar Dattawa a Abuja a watan Afrilun 2018 suka sure sandar, kuma a watan Disamban wannan shekarar wani ɗan majalisa a Landan ya ɗauki tasu don nuna fushinsa, aka kore shi daga zaman ranar.

Akwai kuma ɓangaren da mai ziyara ba ya gani, wanda shi ne babban abin damuwar masu kula da fadar a yau. A ƙarƙashin ƙasa akwai dogayen hanyoyi cunkushe da tsofaffin bututun ruwa, da na tururi, da na gas, da wayoyin lantarki da aka yi ta ɗorawa wasu a kan wasu tun shekaru aru-aru, ga kuma sinadarin asbestos mai cutar da huhu a sassa da yawa. Dutsen da aka yi ginin da shi ma tun farko bai jure hayaƙin kwal na Landan ba. Ma'aikata na sintiri dare da rana suna neman alamar wuta, a watan Afrilun 2019 kuma sai da aka dakatar da zaman Wakilai saboda ruwa na zuba daga rufi. 'Yan kwanaki bayan haka babban cocin Notre-Dame na Faris ya kama da wuta, mutane suka yi ta tunatar da 'yan majalisa cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Tun a 2018 majalisun biyu suka amince su ƙaura gaba ɗaya a yi gyara, amma da ƙiyasin 2022 ya fito, mai nuna aikin zai ci fam biliyan 7 zuwa 13 idan sun fita, ko ya kai biliyan 22 da shekara 76 idan suka ci gaba da zama a ciki, sai gwiwa ta yi sanyi aka koma nazari. Gyaran hasumiyar agogo kaɗai, wanda aka fara a 2017 bisa ƙiyasin fam miliyan 29, sai da ya lashe kimanin miliyan 80.

Matsalar tana da kaifi biyu. 'Yan majalisa suna tsoron su gaya wa masu zaɓensu cewa za a kashe biliyoyi a kan wurin aikinsu alhali asibitoci da makarantu na kuka, wasunsu kuma suna tsoron in suka fita ba za su dawo su tarar da al'adun yadda suka bar su ba. Jinkirin kuwa kuɗi yake ci, domin kowane mako ana kashe maƙudan kuɗi wajen faci da toshe ɓaraka a ginin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987. Wanda ya je ziyara a 'yan shekarun nan zai fi yiwuwa ya tarar da wani sashe a lulluɓe da ƙarafan magina, da raga da aka shimfiɗa a wasu wurare domin tare ɓaraguzan dutse kada su faɗo a kan masu wucewa.